An Kashe Macijiyar Kusugu, To Ina Labarin Yaran?

Tun daga shekarun 1990 da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, littattafai iri biyu ne suka riƙe teburin mai sayarwa: na soyayya da na yaƙi. Na soyayya sun sha suka, sun kuma sha kariya. An yi ta muhawara a kansu a jaridu, malaman jami'a sun yi digiri da su, 'yan fim sun kwashi da yawa sun mayar kaset. Na yaƙi kuwa ba wanda ya tanka musu, kamar ba a san da zamansu ba, alhali su ne ke cikin aljihun ɗan sakandare, su ne yaron shago ke ɓoyewa a ƙarƙashin kanta, yanzu kuma su ne ake karantawa a YouTube samari na saurare da abin jin sauti a kunne har barci ya kwashe su. Wannan shiru da masu sharhi suka yi bai taimaki kowa ba. Littafin da yaro ɗan shekara 15 ya fi karantawa shi ya fi cancantar a duba shi da idon basira.

Tambayar da nake so mu tattauna a wannan wata ita ce: in dai yara matasa ne masu karatun waɗannan littattafai, me ya sa ba a ganin su a ciki?

Mai karatu ya san tsarin. A wani zamani can baya, a wani birni da ke nahiyar da ba a san ta ba, an yi wani azzalumin sarki mai bautar gunki, yana da boka wanda ya mallaki aljanu dubu saba'in. Sai ga wani sadauki mai ƙirar samudawa, wanda in ya yi kururuwa ɗaya sai maza dubu su zube. Za a tura shi neman wani takobi ko zobe a wani kogo, zai ratsa daji bakwai, kowane daji da dodonsa. A hanya zai haɗu da gimbiya wadda ita ma jaruma ce, su gwabza kwana uku ba wanda ya kai wani ƙasa, sannan su so juna. A littafi na huɗu za a karya gunki, gari ya musulunta, a ɗaura aure. Ba na raina wannan aiki. Marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, mai Mazan Jiya da Kundin Tsatsuba, da Aliyu Abubakar Sharfaɗi da ya kawo mana Malikussaif da Hausa, sun sa dubban yaran da ba sa son ganin takarda sun zauna sun yi karatu, abin da bulalar malami ta kasa. Wannan lada ne babba. Amma waɗanda suka biyo bayansu sun mayar da tsarin kamar awon tela, kowa shi yake yankawa, har ta kai in ka karanta uku ka karanta ɗari.

Babban aibin tsarin shi ne sadaukin ba ya tsoro. Wanda ba ya tsoro kuwa ba abin da zai koya wa mai tsoro. Yaron da ke karatun yana jin daɗin sara da suka, amma ba zai taɓa cewa "wannan ni ne" ba. Na biyu, sihirin ba shi da farashi. Boka zai nuna yatsa wuta ta fito, ya sake nunawa ruwa ya fito, ba abin da ya ragu a jikinsa ko a ransa. Sannan ga gawarwaki. A shafi ɗaya za a ce an kashe dakaru dubu ɗari uku, jini ya yi ta malala kamar kogi, amma ko ɗaya daga cikinsu ba shi da suna, ba shi da uwa mai jiran sa a gida. Yaƙin da ba a kuka a cikinsa wasan yara ne, ko da an rubuta shi da jan tawada.

Daga Gandoki zuwa Kilba

Kada a ɗauka yau aka fara. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da ƙagaggun labaranmu na farko, akwai Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara. Rabin farko na littafin yaƙi ne na gaske, wanda aka yi da Turawa a ƙasar nan, rabi na biyu kuma duniyar aljanu ce, inda Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suke ta fafatawa. Amma duba inda aka ajiye yara a littafin: 'yan makaranta ne da suka zo suka zauna gaban tsoho yana ba su labari. Shi ma Garba Gagare inuwar ubansa ce kawai. A 1951 Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Mai Ƙarfi, wanda asalinsa labarin wani gwarzon Rasha ne. Nan an fara da kyau, domin Iliya ya tashi ba ya iya tafiya, kuma ba abin da ke taɓa zuciyar mai karatu kamar wannan farkon. Sai dai da zarar ya warke ya hau Ƙwalele, shi ke nan ya zama wanda ba a iya kayarwa. Umaru Dembo ne a Tauraruwa Mai Wutsiya, 1969, ya ɗauki yaro, Kilba, ya ba shi ragamar labari, ya kai shi sararin samaniya. Wannan hanya da ya buɗe ba a bi ta sosai ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Magana Jari Ce. Mu duka mun karanta, amma ka tuna abin da ya riƙe littafi na ɗaya? Yarima Musa ne ke son ya fita ya bi mahaifinsa da Mahmudu fagen fama da Sarkin Sinari, aku kuma yana ta jero masa labarai don kada ya ƙetare ƙofar fada ya faɗa tarkon Waziri. Wato littafin da ya fi kowane shahara a Hausa, labarin saurayi ne da aka hana shi zuwa yaƙi da tatsuniya. Abubakar Imam ya yi haka da hikima, kuma ya dace da abin da yake nufi. Amma mu da muka biyo baya har yau muna nan a matsayin aku: muna tsare Musa a zaure muna ba shi labarin manya. Matsalar ita ce Musan yau yaƙi ya riga ya same shi har cikin ɗakin kwanansa na makaranta. Zan dawo kan wannan.

Yadda wasu suka yi

A ƙasashen Turai da Amurka akwai kasuwa sukutum ta littattafan 'yan shekara 13 zuwa 18, kuma labaran sihiri da yaƙi su ne kan gaba. Kowa ya san Harry Potter, littattafai 7 daga 1997 zuwa 2007, waɗanda suka fara da yaro ɗan shekara 11 suka ƙare da yaƙi a harabar makaranta inda abokansa suka mutu. Amma bari mu ɗauki biyu da suka fi kusa da mu, dukkansu na 'yan asalin Nijeriya mazauna Amurka.

Na farko Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, wanda ya fito a 2018, aka bi shi da na biyu a 2019 da na uku a 2024. Jarumar, Zélie, budurwa ce da ta ga an kashe mahaifiyarta tana ƙarama, a daren da Sarki Saran ya sa aka karkashe masu baiwar sihiri a ƙasar Orïsha. Shekara 11 bayan haka sai ta haɗu da 'yar sarkin, Amari, wadda ta gudo daga fada bayan ta ga ubanta ya kashe baiwarta kuma aminiyarta, Binta. Ɗan sarkin, Inan, shi aka tura ya kamo su, sai ya gano abin da aka koya masa ƙi tun yana yaro yana cikin jininsa. Ka ga inda ƙarfin littafin yake. Kowane ɗaya daga cikin yaran nan uku yana ɗauke da yaƙin da iyaye suka fara, ba a shawarce shi ba. Zélie tana da ƙarfi amma tana firgita, tana yin kuskuren da ke jawo wa wasu mutuwa, kuma bayan an kama ta an azabtar da ita ba ta tashi ta karkaɗe riga kamar sadaukanmu, abin yana bin ta har cikin barci. Mutuwar Binta ita kaɗai ta fi dakarunmu dubu ɗari uku nauyi, don kawai an ba ta suna, an kuma bar wani yana kewar ta.

Littafin yana da nasa rauni. Soyayyar Zélie da Inan an yi ta da gaggawa, irin ta finafinanmu da ake haɗuwa a bakin titi a wuce lambu rawa. Sannan marubuciyar ta kwashi sunayen garuruwanmu ta watsa a taswira yadda ta ga dama: Ilori ta koma ƙauyen masunta a kan teku, Jimeta ta koma matattarar 'yan fashi a gaɓar teku, Sakkwato da Gombe sunaye ne kawai ba ƙamshin garuruwan. Ba'amurke ba zai damu ba, amma mu abin yana yi mana kamar an sa wa mutum hula a gwiwa.

Na biyu The Shadow Speaker na Nnedi Okorafor, 2007, wanda ya fi kusa da mu don a Nijar aka kafa labarin, a shekarar 2070, bayan wani bala'i ya sauya duniya har sihiri ya dawo. Ejii, 'yar shekara 14, ta ga yadda wata sarauniyar yaƙi mai suna Jaa ta sare kan mahaifinta a gaban jama'a. Uban azzalumi ne, ita ma ta sani. Daga baya ita Ejii ce za ta bi wannan mata ta ratsa hamada, ta Agadas, don ta hana ɓarkewar wani yaƙin da ya fi na baya. Abin da ya burge ni a nan shi ne burin jarumar: an tura ta ta hana yaƙi. A littattafanmu na yaƙi ban san inda aka ɗauki mai hana zubar da jini a matsayin gwarzo ba.

To in 'yar Ibo da ke zaune a Amurka za ta iya kafa labarinta a hamadar Nijar, mu da muke kwana muna tashi a nan me ya kai mu birnin Kisra da birnin Sin?

Abin da ke kwance a Daura

Ba wani ɗan firamare a ƙasar Hausa da bai san labarin ba. Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya sauka Barno, ya auri 'yar Mai, aka raba shi da rundunarsa da dabara, ya gudo yamma. Ya bar matarsa da ciki a Garun Gabas, wajen Haɗeja, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a, don macijiyar da ake kira Sarki ta tare rijiyar Kusugu. Ya je ya kashe ta, ya auri Sarauniya Daurama. Rijiyar tana nan har gobe a cikin garin Daura, an yi mata gini, baƙi na zuwa suna shan ruwanta.

A nan kusan kowa ke tsayawa, a aji ko a dandamalin wasan kwaikwayo na makaranta. An kashe macijiya, an yi biki, an tafa. Ni kuwa a ganina nan ne labarin matasa ya fara. Mutum ɗaya ya bar 'ya'ya uku daga uwa uku. Akwai Biram, wanda aka haifa a Garun Gabas bayan uban ya wuce, ya tashi yana jin labarin wani jarumi da ya ceci wani gari amma bai waiwayi nasa ɗan ba. Akwai Karɓagari, ɗan ƙwarƙwarar da Daurama da kanta ta ba mijinta, wadda ake kira Bagwariya. Akwai Bawo, ɗan Daurama. Dubi sunayen nan biyu na ƙarshe. Ƙwarƙwara ta sa wa ɗanta suna mai nufin ya karɓe gari, sarauniya ta mayar da martani ta sa wa nata suna mai nufin a dawo da shi. Yara biyu, 'yan uba, tun suna cikin zanen goyo aka ɗora musu rigimar sarauta a kan sunayensu. Duk wanda ya tashi a gidan kishiyoyi ya san wannan ciwo ba sai an fassara masa ba. Me zai faru in yaran nan suna ƙaunar juna? Me zai faru ranar da fadawa suka rabu biyu, kowane ɓangare ya tura nasa yaron gaba? Me zai faru in Biram ya iso ƙofar gari yana ɗan shekara 16 yana tambayar ubansa? Wannan littafi uku ne cur, ba a ƙara ko aljani ɗaya ba tukuna.

Akwai kuma ɓangaren mata. Kafin Bayajidda sarauniyoyi ke mulki, tun daga Kufuru, kuma Daurama ce ake cewa ta taso da mutanenta daga Tsohon Birni zuwa inda Daura take. Bayan ita mulki ya koma hannun maza. Yarinyar da ta tashi a fada ana shirya ta don ta gaji sarauta, sai wani baƙo ya zo cikin dare ɗaya tsarin ya juye, me za ta ji? Ko kuma a bar fada a koma unguwa: yarinyar da aikinta shi ne ta raba tulun ruwa ɗaya ya kai gidansu kwana 6, ga ƙane ba lafiya, ga rijiya tana gani ba halin zuwa. Duk yarinyar da ta taɓa bin layin famfo ko ta jira mai kura zai zo bai zo ba, za ta gane kanta a nan. Ita ma macijiyar a tambaya: wa ya ba ta rijiyar? Wace yarjejeniya aka yi da ita, wa ya ci amfanin ta, me ya biyo bayan karya ta? Marubucin kirki ba zai bar wannan ƙofa a rufe ba.

Na san masana tarihi sun daɗe suna ja-in-ja kan ko Bayajidda mutum ne da ya rayu ko kuwa labarin hanya ce ta bayyana yadda sarautun Hausa suka haɗu. Wannan nasu ne. Mai ƙaga labari ba ya bukatar hukuncinsu kafin ya ɗauki biro. Abin da zan ja kunne a kai shi ne maganar Hausa Bakwai da Banza Bakwai. Zuriyar Bawo da Biram aka kira na farko, zuriyar Karɓagari aka liƙa wa na biyu. Wanda zai rubuta wa yaran yau, da suke aji ɗaya da Banufe da Bagware da Bayarabe, ya kamata ya ba Karɓagari bakin magana, a ji yadda wannan suna yake a kunnen wanda aka kira da shi.

In kuma marubuci ya fi son ƙasa mai tauri, Daura tana da wani tarihin da ba tatsuniya ba ne. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Malam Isiyaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Danginsa suka kafa sarauta a Zango da Ɓaure, suka zauna tsakanin Daura ta Fulani da ƙarfin Damagaram, har aka wayi gari akwai Daura uku a lokaci guda. Sai a 1906 Turawan Ingila suka dawo da Malam Musa daga Zango zuwa gadon kakanninsa. M. G. Smith ya rubuta littafi guda a kan wannan, The Affairs of Daura, a 1978. Kusan shekara 100 ke nan ana haihuwar yara a gudun hijira, ana nuna musu wani gari da yatsa ana cewa can ne gidanku. A ɗaya gefen ganuwar kuma akwai yaran da su ma nan aka haife su, ba su san wani gida ba sai shi. Ka haɗa ɗan Zango da ɗan birni a labari ɗaya, ka ga ko za ka rasa abin faɗa.

Batun sihiri da addini

Na san abin da wani zai ce: Malam, sihiri haramun ne, kana so a koya wa yara tsafi? Wannan magana ce mai nauyi, kuma marubutanmu suna rubutu ne da ita a zuciya, musamman tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, wadda hannunta ya kai har kan littattafai. Hanyar da suka samo ita ce a bar sihiri a hannun kafiri, a ba jarumi addu'a, in an kai ƙarshe ya karanta sai boka ya ƙone. Niyyar mai kyau ce. Amma a duba da kyau abin da ake koya wa yaro: cewa addu'a kamar makunnin lantarki ce, kana dannawa abokin gaba zai faɗi. Ranar da yaron nan ya yi addu'a cikin tsananin wuya bai ga boka ya ƙone nan take ba, me zai ɗauka? Malamanmu sun koya mana cewa ana jarraba mumini, ana jinkirta masa, yana haƙuri. Labarin da ya nuna yaro mai imani yana tsoro, yana rasa na kusa da shi, bai kuma saki igiyar Allah ba, ya fi kusa da koyarwar addini fiye da wanda ya mayar da addu'a harsashi.

Shi kuma sihirin, ba sai mun aro daga Dare Dubu da Ɗaya ba. Bahaushe yana da nasa kayan: tauri, layar zana, baduhu, sagau, kurciya, ga duniyar iskoki da birninsu na Jangare. Abin lura shi ne a al'adar Bahaushe ba wanda ake bayarwa kyauta. Kowane asiri da sharaɗinsa, akwai abin da ba za ka ci ba, akwai inda ba za ka taka ba, ranar da ka karya kuma ya juyo kanka. Wato abin da marubutan waje ke wahalar ƙirƙirowa, dokar sihiri da farashinsa, mu mun gaje shi. Ka ɗauki yaro da aka ba layar zana don ya tsira daga hari, amma duk ɓacewar da ya yi sai wani na gida ya manta da shi, har ranar da ya dawo uwarsa ta tambaye shi ɗan wane ne. Wane wa'azi ne kan sharrin asiri zai fi wannan shiga zuciya?

Ina 'yan fim?

In ka tambayi furodusa zai ce ba kuɗi, fim ɗin sihiri sai Indiya. Gaskiya ne ba mu da kuɗin Baahubali, wanda samarinmu suka haddace a fassarar Hausa. Amma kamfanin Sarauniya ya yi Daskin da Riɗi tun ƙarshen shekarun 1990 da kayan aikin da wayar hannun yau ta fi su, kuma mutane sun kalla sun more. A 1975 Steven Spielberg ya yi Jaws da kifin roba da ke yawan lalacewa, dole ta sa ya riƙa ɓoye shi, sai ga shi ɓoyewar ce ta fi tsorata 'yan kallo. Macijiyar Kusugu ba ta bukatar kwamfuta. Duhun bakin rijiya, igiyar guga da ta yi nauyi, da fuskar yarinyar da ke riƙe da ita sun isa.

Kayan yaƙi kuwa Daura ba ta da talaucinsu. Wanda ya taɓa ganin hawan Sallah ko na Gani a garin ya ga dawaki, lifidi, sulke, kwalkwali, kakaki da tambura, abin da wani darakta a waje zai kashe miliyoyi kafin ya haɗa. An ma riga an gwada. Mai Martaba na Prince Daniel, wanda Adam A. Zango ya fito a ciki, a Daura aka ɗauke shi, kuma shi Nijeriya ta tura gasar Oscar a 2024. Ya nuna za a iya. Sai dai labarinsa na wata ƙagaggiyar masarauta ce, Jallaba, da rikicin gadon sarautarta. Daura ta ba da ganuwa da dawaki, ba a karɓi labarinta ba. Sauran gyaran da ya rage wa masana'antar shi ne ta daina ɗauko ɗan shekara 35 ta aske masa gemu ta ce ɗan sakandare ne. In labarin na 'yan 15 ne, a je makarantu a nemo 'yan 15.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni

A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a nan Jihar Katsina, suka kora ɗalibai cikin daji. Bayan kwana 6 aka sako 344. Kafin nan an yi Chibok a 2014, inda aka kwashe 'yan mata 276. Waɗannan yara, da ƙannensu, da dubban da aka raba da ƙauyukansu a Katsina da Zamfara da Sakkwato, su ne masu karatunmu. Sun san ƙarar bindiga, sun san tafiyar dare ba takalmi. Akwai ma waɗanda sa'o'insu ne ke riƙe da bindigar. Yaron da ya ga wannan, in ka miƙa masa sadaukin da ke kashe dubu da sara ɗaya yana murmushi, ka ba shi abin kashe lokaci, amma ba ka ba shi abin da zai fahimci halin da yake ciki ba. Mafi muni, ka koya masa cewa mai kisa shi ne namiji.

Ba kuma kowane yaro ne zai iya karanta labarin abin da ya same shi kai tsaye ba, ciwon ya yi kusa. Amfanin tatsuniya ke nan tun kakanninmu: a kira abin da Dodo don a samu damar kallon sa. Rijiyar da wani ya tare ya hana gari ruwa sai ranar da ya ga dama, manomin da ke biyan kuɗi kafin ya shiga gonarsa ba ya bukatar a yi masa bayaninta.

Saboda haka kirana ga marubutanmu, musamman matasan Daura, Zango, Ɓaure, Mai'aduwa da Sandamu da ke rubutu a waya suna turawa a WhatsApp: ku bar birnin Kisra ya huta. Ku je ku zauna da tsofaffin unguwa da makaɗan fada, ku ji yadda kowa ke ba da labarin da nasa bambancin. Ku rage wa jaruminku shekaru da ƙarfi, ku bar shi ya ji tsoro. In za ku kashe mutum a shafi, ku fara gaya mana sunansa. Ƙungiyoyin marubuta kuma da masu shirya gasa su ware rukuni na labaran matasa, domin marubuci yana bin inda ake kallon sa ne. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. In muka yi sake, wata rana za mu sayi labarin Bawo da Karɓagari da Turanci, an mayar da Daura tsibiri a tsakiyar teku, mu zauna muna jiran a fassara mana.

Allah Ya ba mai rabo sa'a.